Haɗin Gwiwar Mawaƙan Hip-hop da na Rok: Wa Ya Ɗaga Wa?

Ɗalibar Kiɗa ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, na ga ya dace in kawo ta gabanku, tun da a cikinku akwai waɗanda suka riga ni fara sauraron kiɗan Amurka da na Ingila da shekaru masu yawa. Duk inda aka ɗauko tarihin hip-hop, wanda wasu ke kira gambarar zamani, sai an tsaya a shekarar 1986, lokacin da ƙungiyar Run-DMC ta sake rera waƙar "Walk This Way" tare da Aerosmith, a ce daga nan ne hip-hop ya fito daga unguwannin baƙaƙen fata na birnin Nuyok ya shiga gidan kowa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, idan na saurari waƙoƙin da ke tashe a yau, ba na jin ƙarajin jita irin na wancan zamani, sai gangunan kwamfuta da amo mai nauyi. Shin haɗin gwiwar nan ya bar wani abu mai ɗorewa a cikin kiɗan da duniya ke saurare, ko kuwa yayi ne da ya zo ya wuce? Sannan a tsakanin ɓangarorin biyu, wane ne ya fi cin moriya?

Tsohon Mai Faifai ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta biyu ta fi sauƙin amsawa, don haka da ita zan fara.

A shekarar 1986 Aerosmith ƙungiya ce da tauraronta ya dusashe. Sun yi tashe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya shaye-shaye da rigingimun cikin gida suka ɗaiɗaita su, har makaɗin jitarsu Joe Perry ya fice a 1979 bai dawo ba sai 1984, kuma kundin da suka fitar a 1985 bai yi kasuwar da aka zata ba. Run-DMC kuwa samari uku ne daga unguwar Hollis ta yankin Queens waɗanda ke kan ganiyarsu, domin kundinsu biyu na farko sun karɓu, sun kuma riga sun hau dandamalin babban bikin Live Aid a Filadelfiya a 1985. Saboda haka duk wanda ya ce miki 'yan rok ne suka tsamo su daga duhu, bai bi labarin daga tushe ba.

Waƙar ta asali, wadda Aerosmith suka yi, ta fito ne a 1975. Tun kafin a yi maganar haɗin gwiwa, masu juya faifai a bukukuwan Nuyok sun daɗe suna amfani da 'yan daƙiƙun farko na wannan waƙa, inda ganga kaɗai ke tashi, suna maimaita wurin da faifai biyu domin mawaƙi ya ɗora baitocinsa a kai. Run da DMC sun san wannan kiɗan gangar sarai, amma ba su taɓa damuwa da abin da Steven Tyler, mawaƙin Aerosmith, ke faɗa a ciki ba, domin kafin muryarsa ta shigo an riga an mayar da allura baya. Furodusa Rick Rubin ne ya kawo shawarar su rera waƙar gaba ɗayanta da kalmominta, a kuma gayyato Tyler da Perry cikin sutudiyo. Da farko mawaƙan biyu sun yi tirjiya, suna ganin kalmomin ba su da alaƙa da rayuwarsu. Jam Master Jay, mai juya musu faifai, shi ne ya fi karɓar shawarar da hannu biyu.

Sakamakon ya wuce tunanin kowa. Waƙar ta kai mataki na 4 a jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi tashe, alhali ta asali a mataki na 10 ta tsaya. Bidiyonta, wanda aka nuna ƙungiyoyin biyu suna atisaye a ɗakuna biyu da bango ya raba har Tyler ya fasa bangon, ya zauna daram a tashar MTV. Kundin Raising Hell ya sayu miliyoyi, kuma gidajen rediyon da a da ba sa kusantar gambara suka fara sanya ta, domin a kunnen masu saurarensu akwai jita da muryar da suka sani.

Amma ki duba abin da ya biyo baya. Aerosmith sun daina shaye-shaye, sun fitar da Permanent Vacation a 1987, suka shiga zagaye na biyu na ɗaukaka wanda ya fi na farko kawo kuɗi, har suka samu waƙarsu ta farko da ta hau mataki na 1 a 1998. Run-DMC kuwa ba su sake kai wa wancan matsayi ba. Rigimar shari'a da kamfaninsu ta jinkirta kundinsu na gaba zuwa 1988, kafin nan kuma sababbin mawaƙa sun cika fage. A ganina cuɗe-ni-in-cuɗe-ka aka yi, sai dai Aerosmith a matsayinsu na ƙungiya sun fi cin riba, shi kuwa hip-hop a matsayinsa na salo shi ne ya samu ƙofa, waɗanda suka buɗe ƙofar ba su ne suka fi daɗewa a cikin ɗakin ba.

Malam Mai Nazari ya rubuta:

Yaya Mai Faifai ya kawo labarin yadda yake, ba ni da gyara a kansa. Inda nake so mu yi hattara shi ne batun bangon nan, domin bidiyon ya sa mutane da yawa sun ɗauka cewa rok kiɗan farare ne, hip-hop na baƙaƙe, sai a 1986 suka gaisa. Ba haka tarihi ya nuna ba. Tushen rok yana hannun baƙaƙen fatar Amurka irin su Sister Rosetta Tharpe, Chuck Berry da Little Richard, kuma har yau idan ana lissafa gwanayen jita da sunan Jimi Hendrix ake farawa. Bangon da ake magana ba makaɗa suka gina shi ba, kasuwa ce ta gina shi: kamfanonin faifai da gidajen rediyo sun kasa masu saurare gida-gida bisa launin fata, kowane gida da jadawalinsa da masu tallarsa. Da aka buɗe MTV a 1981, tashar ta ɗauki kanta a matsayin ta rok, baƙaƙen mawaƙa kaɗan ne ke samun shiga, har ta kai David Bowie ya tuhumi mai gabatar da shirin tashar a kan wannan a wata hira da suka yi a 1983. A 1985 kuma Vernon Reid, makaɗin jitar Living Colour, tare da marubuci Greg Tate da wasu, suka kafa ƙungiyar Black Rock Coalition, saboda baƙin da ke kiɗan rok ba ya samun kamfanin da zai ɗauke shi da muhimmanci.

Haka kuma cuɗanyar ta girmi 1986. Masu juya faifai na farko a yankin Bronx na Nuyok ba sa tambayar launin wanda ya buga ganga, abin da suke nema shi ne wurin da ganga ta fito fili, ko daga faifan wane ne. Shi ya sa gangar waƙar "The Big Beat" ta Billy Squier, wadda ta fito a 1980, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yankowa a tarihin hip-hop. A 1981 ƙungiyar Blondie ta kai mataki na 1 da "Rapture", inda Debbie Harry ta yi gambara har ta ambaci Fab 5 Freddy da Grandmaster Flash. A shekarar dai, The Clash ta Ingila ta gayyaci Grandmaster Flash da yaransa su buɗe mata wasa a Nuyok, 'yan kallo suka yi musu ihu da jifa, abin da ke nuna cewa makaɗan sun riga masu saurarensu yin gaba. A 1984 Afrika Bambaataa ya yi waƙa da John Lydon, tsohon mawaƙin Sex Pistols, kuma a wannan shekara Run-DMC da kansu suka fitar da "Rock Box" da jitar Eddie Martinez, ba tare da sun jingina da sunan wata babbar ƙungiyar rok ba.

Akwai abubuwa biyu da ke nuna cewa bangon bai faɗi gaba ɗaya ba. Kundin hip-hop na farko da ya hau mataki na 1 a jadawalin Billboard na kundaye, a farkon 1987, shi ne Licensed to Ill na Beastie Boys, farare uku da suka fara da kiɗan rok mai zafi da ake kira punk kafin su koma gambara. Ban ce ba su cancanta ba, amma ba a rasa dalilin da ya sa su ne suka fara shiga. Na biyu shi ne abin da ya faru da Ice-T a 1992. Ya kafa ƙungiyar rok sosai mai suna Body Count, da jita da ganga na gaske, suka fitar da waƙar "Cop Killer" wadda ta tayar da ƙura har shugaban Amurka na lokacin, George Bush babba, da mataimakinsa suka yi tir da ita, daga ƙarshe aka cire ta daga kundin. Waƙar rok ce tsantsa, amma a bakin 'yan siyasa da jaridu da yawa sai ta zama waƙar gambara, don kawai mai rera ta baƙi ne kuma an san shi da gambara.

Mai Jita ya rubuta:

Malamaina biyu sun yi magana a kan tarihi da kasuwa. Ni ɗan abin da zan ƙara ya shafi tambayar farko ta Malama, wato abin da ya rage a cikin kiɗan kansa. Malama, kina neman ƙarar jita ba ki ji ba, shi ya sa kike zaton abin ya wuce. A fahimtata, gadon ba a jitar yake ba, yana cikin yadda ake gina waƙa.

Tsohuwar waƙar rok tana tafiya ne, ta tashi daga nan ta hau can, makaɗin jita ya samu filinsa ya baje basira shi kaɗai na tsawon minti ɗaya ko biyu. Hip-hop kuwa zagaye yake yi, a ɗauki guntun kiɗa a yi ta maimaita shi, ganga da amo a gaba, murya tana hawa kansu kamar ita ma ganga ce. Da salon biyu suka haɗu, rok ne ya koyi zagaye. Wanda ya fi nuna wannan a fili shi ne Tom Morello na Rage Against the Machine, wadda kundinta na farko ya fito a 1992. Maimakon ya yi gasar saurin yatsu kamar na gabansa, sai ya riƙa goga hannu a kan tsirkiyoyin jita yana kunna maɓallinta yana kashewa, har ta riƙa fitar da sauti irin na mai karce faifai. Wato jita ce ta koma kwaikwayon na'urar da a da ake cewa ba kayan kiɗa ba ce.

Kafin su, Public Enemy sun yanko jitar Slayer a kundinsu na 1988, sannan a 1991 suka sake yin "Bring the Noise" tare da Anthrax, har suka yi rangadi tare, magoya bayan ɓangarorin biyu a fili ɗaya. A 1993 aka yi kundin waƙoƙin fim ɗin Judgment Night, wanda kowace waƙa a cikinsa haɗin ƙungiyar rok ce da ta hip-hop: Slayer da Ice-T, Helmet da House of Pain, Sonic Youth da Cypress Hill, Teenage Fanclub da De La Soul. An manta da fim ɗin, amma kundin ya zama kamar allon karatu ga yaran da suka kafa ƙungiyoyi bayan haka.

Daga nan ne aka samu zamanin Korn, Limp Bizkit da ire-irensu a ƙarshen shekarun 1990, inda mai juya faifai ya zama cikakken ɗan ƙungiyar rok. Zan faɗi gaskiyata, da yawa daga cikin abin da aka yi a wannan zamani bai yi mini ba, domin sun ɗauki fushi da ihu sun bar hikimar sarrafa harshe, wadda ita ce ran gambara. Linkin Park ce ta fi su dabara. A kundinta Hybrid Theory na 2000 ta raba aiki gida biyu, Mike Shinoda yana jero baitoci cikin gambara, Chester Bennington yana ɗaukar amshi da murya mai tashi. Wannan tsari na baitin gambara da amshin rerawa shi ne ya mamaye rediyo har yau. Ba zan ce rok kaɗai ya haife shi ba, domin mawaƙan R&B sun daɗe suna yi wa masu gambara amshi, amma haɗuwar da rok ce ta shigar da shi kunnen waɗanda ba sa sauraron R&B. Har masu shirya kyautar Grammy sai da suka ware rukuni na musamman domin haɗin gambara da rerawa a 2002, kuma waɗanda suka fara cin sa su ne Eve da Gwen Stefani, mawaƙiyar ƙungiyar rok ta No Doubt.

Ɗalibar Kiɗa ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Bayanin Malam Mai Jita ya warware mini inda na maƙale. Sai dai maganar yanko guntun kiɗa daga tsofaffin faifai ta haifar mini da wata tambayar: idan mai gambara ya gina waƙarsa a kan kiɗan ɗan rok, kuɗin da waƙar ta kawo wa yake ɗauka? Ina jin a nan ne za a gane ainihin wanda ya ci moriya.

Malama Mai Bin Haƙƙi ta rubuta:

'Yar'uwa, kin taɓo wurin da ba a cika son taɓawa ba. A shekarun 1980 ana yanko kiɗa ne kusan ba tare da neman izini ba. Beastie Boys sun buɗe kundinsu na farko da gangar John Bonham na Led Zeppelin, kuma masu haɗa kiɗan Public Enemy kan tara guntaye da yawa a waƙa guda. Abin ya canza ne a 1991, lokacin da wata kotun tarayya a Nuyok ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yi amfani da waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Daga ranar kamfanoni suka wajabta wa mawaƙansu neman izini da biyan kuɗi kafin faifai ya fita.

Wannan hukunci ya sauya sautin hip-hop. Tara guntaye goma ko ashirin a waƙa ɗaya ya zama abin da aljihu ba zai ɗauka ba, sai furodusoshi suka koma ko dai su sa makaɗa su sake buga abin da suke so, ko su sayi guntu guda sananne su gina waƙar kacokan a kansa. Misalin da kowa ya sani shi ne waƙar ta'aziyyar da Puff Daddy ya yi wa Notorious B.I.G. a 1997, wadda aka ɗora a kan "Every Breath You Take" ta ƙungiyar The Police. Waƙar ta mamaye duniya, amma da yake Sting, mawaƙin The Police, shi ne ke da haƙƙin mallakar waƙar ta asali, kuɗin marubuci wurinsa ya riƙa kwarara. Abin dariyar ma shi ne, jitar da aka yanko Andy Summers, makaɗin jitar ƙungiyar, shi ne ya buga ta, amma sunansa ba ya cikin marubutan waƙar, don haka ko a cikin gidan rok ɗin an samu kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bayan shekara guda Puff Daddy ya bi ta wata hanyar, ya gayyato Jimmy Page, makaɗin jitar Led Zeppelin, da kansa ya sake buga masa kiɗan "Kashmir".

Shekarar 2004 ta nuna fuskoki biyu na lamarin a lokaci ɗaya. Wani matashin furodusa mai laƙabin Danger Mouse ya ɗauki muryar Jay-Z daga The Black Album ya ɗora ta a kan guntayen kiɗan Beatles, ya kira aikin The Grey Album. Kamfanin EMI ya aika masa takardar hani, amma aikin ya riga ya bazu a intanet, babu mai iya kamo shi. A ƙarshen wannan shekara kuma Jay-Z da Linkin Park suka yi irin wannan haɗi bisa yarjejeniya, kundinsu Collision Course ya hau mataki na 1, waƙar "Numb/Encore" ta ci Grammy a 2006. Dabara ɗaya ce, bambancin kawai shi ne ɗaya yana da lauyoyi da sa hannun masu haƙƙi, ɗayan ba shi da su. A taƙaice, tsofaffin 'yan rok da suka riƙe haƙƙin waƙoƙinsu sun samu wata sabuwar rijiyar kuɗi daga kiɗan da wasunsu suka taɓa rainawa.

Tsohon Mai Faifai ya rubuta:

Malama Mai Bin Haƙƙi ta ambaci raini, wannan ya tuna mini da 2008. A shekarar ce aka sanar cewa Jay-Z ne zai zama babban baƙo a bikin Glastonbury na Ingila, sai Noel Gallagher na Oasis ya fito ya nuna rashin amincewarsa, yana ganin bikin na masu jita ne. Da daren ya zo, Jay-Z ya hau dandamali rataye da jita, ya buɗe wasansa da "Wonderwall", waƙar Oasis ɗin, cikin zolaya, dubban mutane suna amsa masa. Shekara guda kafin nan, a 2007, an riga an shigar da Grandmaster Flash da Furious Five cikin gidan karrama gwarzayen rok da ke Cleveland, Run-DMC suka bi baya a 2009.

Daga nan reshe ya juye da mujiya. A 2017 alƙaluman kamfanin Nielsen suka nuna cewa hip-hop haɗe da R&B ya zarce rok a matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka. A wannan shekara ƙungiyar rok ta U2 ta fito a matsayin baƙuwa a kundin mai gambara Kendrick Lamar. A 2019 Ozzy Osbourne ya fito a waƙar Post Malone tare da Travis Scott, kuma ta wannan waƙa ce yara da yawa suka fara jin sunansa, mutumin da ya fara tashe da Black Sabbath tun 1970.

Game da jitar da kike nema, ƙanwata, ba ta ɓace ba, murya ta rage. Ki saurari matasan da suka taso a intanet wajen 2016 zuwa 2019, irin su Lil Peep da Juice WRLD, Allah bai yi musu tsawon kwana ba. Su ba su buƙaci gayyato wata ƙungiyar rok ba, domin sun girma suna jin salon biyu a waya ɗaya, ba su san akwai bango ba. Jitarsu a sanyaye take, tana zagaye a ƙarƙashin gangar kwamfuta, kalmominsu na kaɗaici da ɓacin rai kuma daga rok ɗin farkon shekarun 2000 suka gado su. Babbar waƙar Juice WRLD, "Lucid Dreams", a kan karin jitar "Shape of My Heart" aka gina ta, kuma idan kika duba jerin marubutanta za ki sake cin karo da sunan Sting.